Kukis ɗin mohito: idan an gasa, giyar tana ƙonewa ko tana nan?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu albarka. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa, don aikin na ranar Asabar ne. Akwai wata kwastomata a nan Abuja da na daɗe ina yi wa kek, ba Musulma ba ce. Ƙanwarta za ta yi aure, za su yi ɗan taron ƙawaye a gida. Ta turo mini hoton wasu kukis masu ɗigo-ɗigon kore a jiki, an yarfa musu farin aisin a sama, ta ce guda 120 take so, wai sunansu kukis ɗin mojito. Na zauna na karanta haɗin da ta turo: fulawa, bota, sukari, ƙwai, ɓawon lemon tsami, na'a-na'a, sai kuma rum babban cokali 2 a cikin kwaɓin, cokali 1 a cikin aisin. Ina ganin rum ɗin gabana ya faɗi. Na kira ta, ta ce kada in damu, wuta tana cinye giyar gaba ɗaya, ƙamshin ne kawai yake saura, kuma ita za ta kawo kwalbar da kanta, ba sai na saya ba. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Mace ce mai mutunci, ba ta taɓa riƙe mini ko sisi ba, kuma ta hanyarta na samu kwastomomi da yawa. Wadda ta san gaskiyar maganar ƙonewar nan ta taimaka mini.

Hajiya Mai Kek:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, kada ki bari kwalbar nan ta shigo miki kicin. Shekarata 22 a wannan sana'a, kuma kusan duk ƙarshen shekara sai an zo mini da irin wannan tayin, wato kek ɗin nan mai busasshen inibi da ake jiƙawa a giya tun saura wata guda. Ban taɓa karɓa ba, kuma ban taɓa kwana da yunwa saboda haka ba. Ki gaya mata da bakin mutunci cewa za ki yi mata na lemon tsami da na'a-na'a, ban da giyar. In tana ganin girmanki za ta fahimta.

Auta:
Ku yi mini afuwa, mene ne ma mojito ɗin? Ina ganinsa a wuraren biki, kore da ganye da ƙanƙara a ciki, na ɗauka lemo ne kawai. Har sau biyu na sha. Yanzu hankalina ya tashi.

Ummu Yasir:
Kwantar da hankalinki Auta. Wanda masu abin sha suke haɗawa a bukukuwanmu galibi lemon tsami ne da na'a-na'a da sukari da ruwan soda, ba giya. Amma in a otal ne ko wurin da ake sayar da barasa, ki riƙa tambaya kafin ki kai baki.

Mohito ake faɗa, don a Sifaniyanci harafin j kamar h yake fita. Abin sha ne na ƙasar Kyuba. A ƙasan kofi ake daddanna ganyen na'a-na'a da sukari da ruwan lemon tsami, a zuba farin rum, a cika da ƙanƙara da soda. Shi kuma rum giya ce da ake yi daga rake, yawanci daga baƙin ruwan nan mai kauri da yake saura bayan an cire sukari. A bar shi ya yi tsami ya zama giya, sannan a dafa a tara tururin. Kwalbar da ake sayarwa yawanci kashi 40 cikin 100 barasa ce zalla. Amurkawa sun saba da abubuwan shan Kyuba ne tun lokacin da aka haramta giya a ƙasarsu, daga 1920 zuwa 1933, suna tsallakawa Habana su sha. Yanzu a nan Houston inda nake, yayi ne: duk abin shan da ya yi suna sai an mai da shi kek ko kukis ko alawa.

Maman Iman, maganar ƙonewa kuwa ba haka take ba, kuma ba kwastomarki kaɗai ba, mutane da yawa haka suka ɗauka. Dalilinsu shi ne barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100, sai a zaci ita za ta fara gudu ta bar abincin. Amma idan ta cakuɗu da ruwa da mai da fulawa, tare suke fita a hankali. An gwada wannan. Masu bincike daga jami'ar Idaho da jami'ar jihar Washington, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, sun fitar da sakamakonsu a 1992. Abincin da aka juya barasa a ciki aka gasa ko aka dafa na minti 15, kusan kashi 40 na barasar yana nan. Minti 30, kashi 35. Awa guda, kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ta sauko kashi 5. Ko wanda ake cinna wa wuta a saman kasko ka ga harshen wuta ya tashi, kusan kashi 75 yana saura. To kukis minti 10 zuwa 12 yake yi a obin. Siririn abu ne, zai iya sakin fiye da miya mai zurfi, amma ba zai koma babu ba. Aisin ɗin kuwa ko wuta ba ya gani. Cokalin da aka zuba a ciki ɗanye ake cin sa.

Maman Iman:
Innalillahi. Na gode 'yar'uwa. Wallahi aisin ɗin ma ban yi tunaninsa ba.

Anti 'Yar Jos:
Ni Kirista ce, kun sani, kuma na taso ina ganin mamata tana jiƙa inibin kek da rum duk Kirsimeti, don haka bari in faɗi abin da na sani. Gaskiya ne ba ya ƙonewa duka. Ranar da aka yanka kek ɗin kina jin sa a hanci, har a maƙogwaro. Amma mu yi lissafi don kada tsoro ya wuce gaskiya. Babban cokali 2 mililita 30 ke nan, barasar ciki mililita 12. In kashi 40 ya saura, bai kai mililita 5 ba. In kwaɓin ya ba da kukis 30, kowanne kamar ɗigo uku, ban da na aisin. Ko faranti guda mutum ya cinye, ciwon ciki zai yi, ba maye ba.

Ba don in tura ki na faɗa ba, Maman Iman. Addininki ne, kuma hannunki ne zai zuba. Abin da zan ƙara shi ne, a cikinmu ma akwai coci-coci da yawa da ba sa yarda da giya ko kaɗan. Taron ƙawaye ba a rasa mai ciki, ba a rasa wadda ta zo da yara, ba a rasa ƙawa Musulma. In kika gaya mata haka, ina ganin ita ma za ta ga cewa wanda kowa zai iya ɗauka ya fi mata.

Malama:
Anti, lissafinki daidai ne, kuma na ji daɗin yadda kika faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Sai dai a wajenmu hukuncin ba a kan yawan ɗigon ya tsaya ba. A Suratul Ma'ida aya ta 90 ba cewa aka yi kada ku sha kawai ba, cewa aka yi ku nisance ta. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa duk abin da yake sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Na san wata za ta ce ai kukis ɗin mai yawansa ba ya sa maye. Malamai sun yi magana a kan abin da ɗan kaɗan ya faɗa cikin abu mai yawa ya ɓace, ba launi ba ƙamshi ba ɗanɗano. Amma a nan don ƙamshin da ɗanɗanon ake zubawa, da gangan, kuma Maman Iman ba mai ci ba ce, mai zubawa ce. Ku tuna Abu Ɗalha, da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da marayun da suka gaji giya. Aka ce ya zubar. Ya ce ba zan mai da ita khal ba? Aka ce a'a. Dukiyar marayu ce fa, kuma khal halal ne, amma ba a ba shi damar ya riƙe giyar ya sarrafa ta ba. Sannan hadisin Anas da ya lissafa mutum goma a kan giya, akwai mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa da mai cin kuɗinta. Don haka cewa ita za ta kawo kwalbar bai fitar da ke ba.

Maman Iman:
Na gamsu Malama, Allah ya saka da alheri. Rum kam ya fita. To in sayi filebon rum? Na taɓa ganinsa a kantin kayan kek, ƙaramar kwalba.

Ummu Yasir:
Ki juya kwalbar ki karanta kafin ki biya. Da yawansu da barasa ake narka su, wasu ma har da rum na gaske a ciki. Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da na san ba zai yi daɗin ji ba. Filebon vanilla na asali, wanda ake jiƙa sandar vanilla a tace, dokar Amurka ta ce sai barasarsa ta kai aƙalla kashi 35 kafin a sa masa wannan suna. Kusan ƙarfinsu ɗaya da rum ke nan.

Auta:
Vanilla? Wanda muke zubawa a kek da cincin da yogot kullum?

Hajiya Mai Kek:
Ummu Yasir, kin tayar da ni daga kan sallaya. Na sa tabarau na ɗauko kwandon filebo na zazzage a kan tabarma, kwalba 9. Rubutun ƙanana kamar tururuwa, sai da jikata ta haska mini da waya. Bakwai babu abin da ya nuna barasa, wani abu ne aka rubuta propylene glycol da ruwa da kala. Biyu kuwa an rubuta alcohol ƙarara, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mai tsadar da aka yo mini tsaraba daga waje, wanda nake tattalinsa sai kek ɗin amare. Jikina ya yi sanyi. Malama, ina matsayin kek ɗin da na riga na sayar wa mutane?

Malama:
Hajiya, abin da aka yi cikin rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi, ki saki ranki. Shi kuma filebo, gaskiya malamai sun saɓa. Akwai waɗanda suka bambance tsakanin giyar da aka yi don sha, kamar rum, da barasar da masana'anta suke narka ƙamshi ko magani da ita, wadda ake ɗiga kaɗan ta ɓace a cikin abinci. Waɗannan sun sauƙaƙa. Akwai kuma waɗanda suka ce tunda akwai madadi, a bar shi. Ni a gidana wanda babu nake saya, amma ba zan ce wadda ta bi ɗaya fatawar ta ci haram ba.

Maman Biyu:
Malama ki yi haƙuri, ni nan ne ban gane ba. Kashi 35 da kashi 40, mene ne bambancin? In ɗigon vanilla ya halatta don ya ɓace, ɗigon rum ma ya ɓace. In rum ya haramta, vanilla ma ta haramta. Kada ya zama wanda muka saba da shi muke nema wa hanya, wanda ba mu saba ba mu rufe ƙofa.

Malama:
Tambayarki a kan hanya take, ƙanwata, kuma saboda irinta ne ɓangare na biyu suka ce a bar duka. Masu sauƙaƙawa abin da suke dubawa shi ne me aka yi abin dominsa. Rum an yi shi don a sha a bugu, ana sayar da shi a matsayin giya, saye da ajiyewa da kawowa duk mu'amala ce da giya. Filebo ba a yi shi don sha ba, ba wanda yake zuba shi a kofi ya ba baƙo. Kina iya ƙin gamsuwa da wannan bambancin, kuma in ba ki gamsu ba, hanyarki a buɗe take: ki sayi garin vanilla ko filebon da babu barasa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki saɓanin da yake kan filebo a buɗe wa kwalbar rum ƙofa da shi.

Maman Biyu:
Ni dai ban gamsu ba, amma na ji. Gobe zan duba nawa kwalaben.

'Yar Maƙarfi:
Ku bar ni in sa baki a wajen da na sani. Tun da Ummu Yasir ta ce daga baƙin ruwan rake ake yin rum nake ta murmushi, don mu a cikin wannan ƙamshin muka girma. Lokacin rake, in aka matse ruwan aka zuba a manyan kasko ana dafawa, tun daga bakin hanya kike jin sa, wani ƙamshi mai nauyi kamar sukari ya fara ƙonewa. Shi ne mazarƙwaila. Ruwan rake ne da ba a cire masa baƙin ba, kuma bai taɓa zama giya ba. Maman Iman, me zai hana ki sa ita?

Ummu Yasir:
Wallahi kin kawo magana. Mutanen Latin Amurka ma suna da irinta, a wasu ƙasashen panela suke ce mata, a Kyuba raspadura. Kuma ga wani abu: farin rum ɗin da ake sawa a mohito ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi, an tace shi ne don ya zama mara nauyi. Abin da harshe yake ganewa a mohito na'a-na'a ce da lemon tsami da zaƙi. In kika ƙware a waɗannan biyun kika ɗan sa mazarƙwaila ta ba shi zurfi, babu abin da kika rasa.

Amaryar Kumasi:
Ni duk sanda aka ambaci rum abin da yake zo mini daban ne. Na je Cape Coast da Elmina a gaɓar tekun Ghana na shiga ɗakunan ƙasa da ake tara bayi. A ƙarni na 18 jiragen ruwa daga Rhode Island ta Amurka ganguna na rum suke kawowa gaɓar nan, wajen Anomabo, su musanya da mutane. A kai mutanen gonakin rake su yi noma, a yi wani rum ɗin da guminsu, a dawo a sayi wasu. Kyuba ba ta daina bauta ba sai 1886. Ba don in ɓata wa kowa hira ba, amma na ga ya kamata mu sani.

Anti 'Yar Jos:
Allah ya ji ƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Na gode da kika tuna mana.

Hajiya Mai Kek:
To 'yata, ɗauko biro. Wannan awon yana ba ni kamar guda 30, sai ki yi sau huɗu, kada ki haɗa duka a kwaɓi ɗaya. Bota giram 225, sukari giram 200, ƙwai 1, fulawa giram 350, bekin foda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali. Lemon tsami irin namu ƙanana, ɓawon guda 5 ko 6. Ki buga bota da sukari har su yi haske, ki sa ƙwai, ki zuba fulawa ki juya da muciya iya haɗuwa kawai. Obin digiri 175, minti 10 zuwa 12, gefe ya fara ja ki sauke. Aisin kuma garin sukari kofi 1 da ruwan lemon tsami babban cokali 2. Ruwan lemon na aisin ne, kada ki zuba shi a kwaɓi, zai sa ya yi ruwa kuma kukis ɗin ya yi tauri.

Maman Iman:
Na dawo da rahoto, kuma ba mai daɗi ba. Na gwada kwaɓi ɗaya jiya da daddare. Na markaɗa na'a-na'ar a bilenda don ta yi laushi, kafin in gama buga bota ta koma baƙi-baƙi kamar kuka. Da aka gasa ɗigon ya fito ruwan ƙasa, ba kore ba. Ga ɗaci a ƙarshen harshe. Mazarƙwailar kuma na goga na zuba haka nan, maigida ya tauna ya ji tsakuwa. Sannan suka baje a faranti suka haɗe da juna, don an ɗauke wuta firji bai yi sanyi ba. Saura kwana biyu, don Allah ina na kuskure?

Ta Damagaram:
'Yar'uwa, na'a-na'a ba ta son wahala. Mu masu shayi mun san ta. In kika sa ta a buta tun farko ta yi ta tafasa a kan gawayi, ƙamshin ya gudu, ɗaci ya zauna. A ƙarshe ake jefa ta, a rufe. Bilenda ta farfasa ganyen ne iska ta shige shi, shi ya sa ya yi baƙi. Ki wanke, ki shanya a kan tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, ki tsinke ganyen ban da kara. Wuƙa mai kaifi, ki yanka sau ɗaya, kada ki yi ta saransa. Kina gamawa ki zuba a cikin sukarin ki murza da yatsu. Kuma ki yi kwaɓin lokacin da akwai kuran, wato wutar lantarki, ya samu awa guda a firigo.

Hajiya Mai Kek:
Ɗacin daga ɓawon ne. Kin danna abin goga kuɓewa har ya kai farin da ke ƙarƙashi. Lemonmu fatarsa siririya ce, shafa ɗaya ki juya, kore kawai ake so. Ki goge shi kai tsaye a kan sukarin, ki murza tare da na'a-na'ar har sukarin ya yi danshi ya ɗauki kala, don man ƙamshin a ɓawon yake. Wani sirrin kuma: ki ɗebi kwata na botar, kamar giram 60, ki narka a wuta kaɗan, ki jefa na'a-na'a cikin hannu guda, ki kashe ki rufe minti 30, ki tace ki bari ya sake daskarewa, sannan ki haɗa da sauran. Ƙamshin zai shiga ko'ina, ganyen da kika yanka ya zama na ado. In wuta ta ƙi, ki sayi ƙanƙara ki sa kwaɓin a leda cikin kula. Kuma kada ki jera sabon kwaɓi a farantin da bai huce ba.

'Yar Maƙarfi:
Laifina ne da ban faɗa ba, ba a zuba mazarƙwaila haka nan a abin da ba za a tace ba. Ki fasa ɗan guntu, ki sa ruwa kaɗan ki narka a wuta, ki tace da rariya mai laushi, ki mayar ya yi kauri kamar zuma. Babban cokali 1 ya ishi kwaɓi ɗaya, sai ki rage sukarin da cokali 1. In ta yi yawa kukis ɗin zai yi duhu, koren ya ɓace.

Auta:
Ba za a iya ɗiga filebon mint ba a huta?

Ummu Yasir:
Yawancin na kanti daga wata irin na'a-na'a ake yin sa mai yawan mentol, mai sanyaya baki. Ita ake sawa a man goge baki da cingam, shi ya sa in ya yi yawa kukis yake ɗanɗanon makilin. Ta mohito mai laushin ƙamshi ce, 'yar'uwar wadda muke sawa a shayi. Ɗanyen ganye ya fi, ga shi kin huta da karanta bayan kwalba.

Malama:
Saura abu ɗaya da yake raina, shi ne sunan. In kika sa hoton a shafinki kika rubuta mohito, yarinya kamar Auta za ta saba da sunan, wata rana ta gan shi a inda yake da giya ta miƙa hannu. A Indonesiya majalisar malamansu ta yi fatawar kada a ba da shaidar halal ga abin da aka sa wa sunan giya, ko da babu ɗigonta a ciki. Ni ina ganin hikima a wannan.

Maman Biyu:
A nan kam na saɓa miki Malama. Sunan ya riga ya shiga gari, duk mai haɗa abin sha a Kano da Kaduna da Abuja tana sayar da mohito mara giya. In Maman Iman ta rubuta kukis ɗin lemon tsami da na'a-na'a, mai neman mohito ba za ta same ta ba, ta tafi wajen wadda za ta zuba mata rum ɗin. Gara ta rubuta sunan, ta ƙara da cewa babu barasa, mutane su koyi cewa ana tambaya.

Anti 'Yar Jos:
Ni ma abin da ya fi damuna a rubuta abin da yake ciki. Wadda ta sa ta faɗa, wadda ba ta sa ba ta faɗa.

Admin:
An ji kowane ɓangare a kan sunan, mu bar wa mai kaya ta zaɓa. Maman Iman muna jiran labari.

Maman Iman:
Alhamdulillah 'yan'uwa. Na bi duk abin da kuka ce. Da na murza ɓawon da ganyen a cikin sukari, ƙamshin har falo, Iman ta shigo tana tambaya ko lemo nake haɗawa. Na naɗe kwaɓin kamar sanda na sa a kula da ƙanƙara, na yanka da wuƙa, ko ɗaya bai baje ba. Ɗigon bai kai koren hoton ba, amma kore ne. Na kai mata guda 6 da yamma, na gaya mata gaskiya tun kafin ta ɗanɗana, cewa babu rum kuma ba zan iya sawa ba, in ba ta so ba zan mayar mata da kuɗinta ba ɓacin rai. Ta ci ɗaya ta yi shiru, ta ci na biyu, ta ce ba daidai yake da wanda ta ci a waje ba, wancan yana da ɗan zafi a maƙogwaro, amma wannan ya fi ƙamshin ganye. Na kawo maganar masu ciki da Anti ta faɗa, ta ce ai kuwa matar yayanta wata bakwai gare ta. Ta ce in ƙara tsami a aisin in yi 120 ɗin. A kwali na rubuta lemon tsami da na'a-na'a, babu barasa. Ita kuma mohito take ce musu, ban hana ta ba.

Yanzu matsalata aisin. Na jiya har safiya yana kama yatsa. Yaya zan jera 120 ba su manne ba?

Hajiya Mai Kek:
Ruwa ya yi masa yawa. Tunda tsami take so, kada ki ƙara ruwan lemon, ki goga ɓawo a cikin aisin ɗin ki ƙara garin sukari cokali 2, ya zama in kin ɗaga cokali yana zuba kamar zare. Sai sun huce sarai za ki yarfa. Ki bar su a buɗe ƙarƙashin fanka awa 4, kada ki sa a firji, gumi za su yi in an fito da su. Ki gasa ranar Juma'a da safe, ki yi aisin bayan la'asar, ki jera Asabar da asuba, takardar gashi tsakanin kowane layi, kuma kada ya wuce layi uku a kwali ɗaya.